Sabuwar bindiga, harsashin haɗin hannu, da ramuka uku da suka yaudare ni

Baban Ummi (Houston): Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Masu zuwa filin harbi a cikinku don Allah ku matso, kaina ya ɗau zafi. Wata biyu kenan da na sayi bindiga Tikka T3x CTR mai cin harsashin 6.5 Creedmoor, bututu inci 24, saboda ina so in fara shiga gasar harbin nesa da ake yi a nan Texas, irin wadda ake harbin farantin ƙarfe tun daga yadi 300 har 1,000 da ɗoriya. Wani abokin aikina ne ya ja ni ciki, shi ne kuma ya ce in bar sayen harsashin kanti in fara haɗa nawa da hannu. Na sayi injin matsi da ma'auni da kwanson Lapua da kan harsashi na Hornady mai nauyin giren 140 (giren ɗan ƙaramin awon nauyi ne) da albarushi H4350. Ran Asabar na haɗa kala goma, kowane kala guda uku, ina ƙara albarushi kaɗan kaɗan yadda littafin kamfani ya nuna. Kala na bakwai wlh ramuka ukun suka haɗe kamar rami ɗaya a yadi 100, ko inci 0.3 ba su kai ba, har hoto na ɗauka na tura wa madam tana wajen aiki. Na dawo gida na haɗa 30 irinsa sak. Jiya na koma, biyar na farko faɗin taron ramukansu inci ɗaya da wani abu, biyar na biyu 0.8, na uku ma ba ya faɗuwa. To me ya faru? bindigar ce ko ni ne ko madubin saitin ne ya kwance?

Admin: Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa ina tuni da dokar gidan nan, ba a rubuta adadin albarushi a nan, ko giren nawa ne mutum ya riƙe a cikinsa. Mai so ya buɗe littafin kamfanin da ya yi albarushin ko kan harsashin, ya fara daga ƙasa. Abin da ya zauna lafiya a bindigar wani zai iya fasa ta wani. A ci gaba.

Kawu Na Dallas: Baban Ummi sannu da ƙoƙari. Tambaya ɗaya tukuna, harsashi nawa ka harba a bututun nan tun da ka saye shi?

Baban Ummi (Houston): Kawu duka duka ba su wuce 70 ba har da na jiya

Kawu Na Dallas: To ai bindigarka ko yaye ta ba a yi ba kake neman ta yi maka noma. Sabon bututu gudunsa yakan ƙaru a cikin harsashi 100 zuwa 200 na farko, yau ka auna ka ga abu kaza, bayan sati uku ka ga ya hau da ƙafa 30 ko 50 a daƙiƙa alhali ba ka canza komai ba. Duk wanda ya zauna neman haɗi na ƙarshe kafin bututu ya natsu aikin baban giwa yake yi. Amma ba ma wannan ne babban abin da ya same ka ba. Ramuka ukun nan da ka tura wa maman Ummi ba haɗin ne ya yi su ba, sa'a ce. Shekara 14 ina wannan abin kuma na yi shekara biyar cur ina bin irin wannan sa'ar kafin na gane.

Sarkin Baka: Haba Kawu, sa'a kuma? Ni fa ban yarda ba. Bututu yana karkarwa idan an harba, kamar tsirkiyar garaya, akwai daidai lokacin da in harsashi ya fita bakin bututun yana wuri guda, shi muke ce wa gurbi. Shi ake nema da gwajin tsani, wato ƙara albarushi mataki mataki, tun zamanin Creighton Audette ake yinsa, ga kuma hanyar Dan Newberry da mutane da yawa suka ci gasa da ita. Baban Ummi ya samu gurbin ne, ƙila dai jiya iska ce ko hannunsa ya rawa ko ya sha shayi da yawa hhh

Baban Ummi (Houston): Shayi kam na sha kofi biyu ban musa ba

Hajiya Mai Lissafi (Minneapolis): Ku yi haƙuri in sa baki duk da ban taɓa riƙe bindiga ba, maigidana ne mai wannan ciwon, ni lissafin ƙididdiga nake koyarwa kuma takardunsa masu ramuka sun cika min teburin cin abinci shi ya sa na san zancen. Baban Ummi in ka je Dawanau sayen buhun wake, sai ka zura hannu ka ɗebo ƙwaya uku ka ga ba ƙwaro ka ce a ɗora a mota? Balle kai buhu goma ka duba, kowanne ƙwaya uku, ka zaɓi wanda ukunsa suka fi kyau. Ko da duk buhunan daga gona ɗaya suke dole ɗaya zai fi kyau a ido, wani kuma zai fi muni. Abin da ka yi kenan ran Asabar. Lissafi ya nuna ko haɗi bai canza ba ko kaɗan, taron ramuka 5 a matsakaici yakan fi na 3 faɗi da kusan kashi 27 cikin 100, na 10 kuma ya fi na 3 da kusan kashi 60 cikin 100, don kawai ka ba wa harsashi ƙarin dama ya kauce. Su kansu taron ukun kuma ba su da tabbas, yau ƙarami gobe ya ninka. Saboda haka 0.3 ɗinka da inci ɗayanka ba sa musun juna, bindiga ɗaya ce take nuna maka fuskokinta.

Sarkin Baka: Hajiya da girmanki, amma takarda daban fili daban. Ni na ga mutanen da ke harbin kan benci suna juya ɗan ƙarfen bakin bututu kaɗan taro ya matse a gaban idona

Kawu Na Dallas: Sarkin Baka ban ce ƙarya kake ba. Amma dubi su waye. Masu harbin benci bindigarsu kamar injin ɗinki take a zaune, galibi harsashin 6 PPC suke harbawa tun shekarun 1970, a yadi 100 da 200, da tutocin iska a jere gabansu, kuma suna cinye bututu kamar gyaɗa. Mutumin da taronsa yake 0.2 kullum zai iya ganin bambancin 0.05. Shi Baban Ummi bindigar kanti ce a kan ƙafa biyu da jakar yashi, hayaniyar hannunsa kaɗai ta rufe wannan bambancin. Su ma injiniyoyin Hornady da suke da ramin gwaji a cikin gini ba iska, sun fito sun faɗa a shirinsu cewa idan suka harba 30 ko 50 a kowane haɗi, yawancin guraben da mutane ke rantsuwa da su ɓacewa suke yi, abin da ke canza taro sosai shi ne canza kan harsashi ko canza irin albarushi. Bryan Litz, masanin kimiyyar tafiyar harsashi, shi ma ya daɗe yana faɗin kusan haka.

Sarkin Baka: Masu sayar da kan harsashi sun ce ka harba 50 maimakon 3, kai kuma ka yarda hhhh Kawu ai kasuwa suke nema

Hajiya Mai Lissafi (Minneapolis): Wannan kam ka burge ni, amma ni ba na sayar da komai kuma amsar ɗaya ce. Gwada da kanka mana, ka haɗa kala ɗaya tak guda 30, ka harba su uku uku a takarda goma, kar ka gaya wa abokinka cewa duk ɗaya ne, ka ce ya nuna maka gurbi. Wallahi zai nuna maka, har ya yi maka bayanin dalili. Na yi wa Alhaji haka, kwana biyu ba ya min magana sosai.

Ɗan Zongo (Columbus): Ei Hajiya kin yi mugunta. Ni tambaya na shi ne kuɗi. Baban Ummi duk kayan nan da ka tara, ba gara ka saye harsashi na shago kawai ba? mutane na cewa haɗin hannu ya fi araha

Baban Ummi (Houston): Ɗan Zongo kar ka bari madam ta ga wannan tambayar. Gsky har yanzu ban ga arahar ba

Kawu Na Dallas: Ba za ka gan ta ba kuwa. Kowane harsashi ɗaya yakan fi sauƙi tunda kwanso mai kyau ana sake cika shi sau da yawa, amma sai ka ninka harbin da kake yi, ga ma'auni mai tsada ga na'urar auna gudu ga na'urar gasa wuyan kwanso, kuɗin duk a can suke tafiya. Kuma wanda ya ga 2020 da 2021 ya san wahala, lokacin korona firaima ta ɓace a kantuna kamar an share, ɗan abin nan na gindin kwanso da allura ke bugawa wuta ta tashi, ka ga mutum da albarushi da kwanso da komai amma ba ya iya haɗa ko guda. Amfanin haɗin hannu na gaskiya guda biyu ne a wajena, gudu ya zama bai ɗaya, kuma ka tara kaya iri ɗaya masu yawa ta yadda abin da ka harba a Maris shi za ka harba a Oktoba. Ita 6.5 Creedmoor ma ai dalilin fito da ita a 2007 kenan, Hornady da gwanin harbi Dennis DeMille suka so ɗan gasa ya shiga kanti ya sayi harsashin da zai iya cin gasa da shi. Na kantin mai giren 140 an rubuta ƙafa 2,710 a daƙiƙa a kwalinsa kuma yana harbuwa da kyau a yawancin bindigogi.

Baban Ummi (Houston): To Kawu maganar gudun, na ari Garmin ɗin abokina, wato na'urar auna gudun harsashi, ran Asabar, kala na bakwai ɗin nan bambancin gudunsa SD 4 ya nuna (SD awon warwatsuwar gudu ne, ƙarami ya fi kyau) shi ya ƙara rura min wuta

Hajiya Mai Lissafi (Minneapolis): SD daga harbi uku? Innalillahi. Ɗalibina ya kawo min wannan sai ya maimaita aji. Ka harba 20 ko 30 sannan ka zo mu yi magana, kuma kar ka yi mamaki in ka ga ya koma 10 ko 12

Kawu Na Dallas: Kuma 10 ko 12 ba abin kunya ba ne. Bari in sa maka a ma'auni. A yadi 1,000 da irin harsashinka, bambancin ƙafa 10 a daƙiƙa yana ɗaga ko sauke harbi da inci 2 zuwa 3. Amma kuskuren karanta iska da mil ɗaya kacal a awa yana kai ka gefe da inci 6 zuwa 7. Faranti a gasar PRS, wato irin ta farantin ƙarfen da kake son shiga, galibi faɗinsa MOA ɗaya zuwa uku ne, MOA ɗaya kuwa inci 1.047 ne a yadi 100, wato kusan inci 10 da rabi a yadi 1,000, kuma ba a kwance kake harbi kullum ba, a kan shinge ne ko taya ko dutse, agogo na gudu minti ɗaya da rabi ko biyu. Ka gaya min a nan wa zai kayar da kai, bambancin 0.6 da 0.8 a takarda ko iskar yammacin Texas? Kuma bututun 6.5 Creedmoor ba ya dawwama, wajen harbi 2,000 zuwa 3,000 ya fara gajiya a wajen ɗan gasa. Na san mutanen da suka ƙone kashi ɗaya cikin huɗu na ran bututunsu a yadi 100 suna neman haɗin aljanna, ranar gasa iska ta yi musu wankin babban bargo.

Basakkwace: Ni dai ina nan gida ina karatu ina dariya. Wanga abu naku na masu kuɗi na. Kakana mahalbi na, bindigar toka garai, albarushi da yatsu yaka auna shi bisa sandar dannawa, ya dura ya danna tsumma ya zuba dalma, kuma ba ya dawowa daji hannu sake. Mi za a yi da ma'aunin da ka auna ƙwayar gero?

Kawu Na Dallas: Basakkwace Allah ya jiƙan kaka. Ai su ma haɗin hannu suke yi, su ne ma na asali. Bambancin shi ne kaka yana sanɗa har ya matso taku 20 ko 30 kafin ya danna kunama, gwanintarsa a ƙafa take da sanin daji. Sannan albarushinsu baƙi ne mai hayaƙi, yana da haƙuri da ɗan ƙari ko ragi. Namu marar hayaƙi ne, wanda Paul Vieille ya fara yi a Faransa a 1884, ƙarfinsa ba ɗaya ba ne sam. A 6.5 Creedmoor iyakar matsin da ƙungiyar SAAMI mai tsara ƙa'idar harsashi a Amurka ta sa shi ne psi 62,000, a cikin ɗan ɗakin da bai fi yatsa ba, kuma fuskarka tana bayansa da ɗan taƙi. Giren ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin 7,000 na laba, bai kai giram 0.07 ba. Shi ya sa ma'aunin. Kuma tunda zancen ya zo, duk mai ɗan uwa maharbi ya ja masa kunne, albarushin harsashin zamani ba ya shiga bindigar toka ko kaɗan, fashewa take yi a hannu.

Basakkwace: Wanga gaskiya na, akwai wani tsoho garinmu yatsu ukku garai a hannun hagu, tun muna yara aka ce muna bindiga ta fashe mai

Na Tudun Wada: To ku na waje in za ku zo hutun sallah ku taho mana da tsarabar kayan haɗin mana mu ma mu gwada hhh

Admin: Na Tudun Wada na san wasa kake amma ko da wasa kar a sake. Fitar da waɗannan kaya daga Amurka ba lasisi laifi ne babba, shigo da su Najeriya laifi ne, haɗa harsashi a gida a Najeriya laifi ne a ƙarƙashin dokar makamai ta 1959, ko bindigar toka sai da lasisin 'yan sanda. Aikin ƙera harsashi na masana'antar DICON ta Kaduna ne da gwamnati ta kafa a 1964. Kuma kowa ya san halin da yankinmu yake ciki da maganar bindiga, akwai mutane a gidan nan da suka binne 'yan uwa. Hirar nan ta wasan harbin takarda da ƙarfe ce a ƙasar da doka ta yarda. Wanda ya sake kawo irin wannan zan cire shi.

Na Tudun Wada: Tuba nake ranka ya daɗe, na janye

Ɗalibi a Oklahoma: Yaya Baban Ummi ni ina karatu a nan kusa da ku, ina sha'awar abin sosai, zan iya biyo ka filin wata rana in gwada?

Baban Ummi (Houston): Ƙanina wace irin biza gare ka?

Ɗalibi a Oklahoma: Ta karatu ce

Kawu Na Dallas: To tsaya tukuna yaro. Dokar tarayya ta hana mai bizar zama na ɗan lokaci riƙe bindiga ko harsashi, sai in ya faɗa cikin 'yan togaciyar da aka yi, kamar mai lasisin farauta na jiha. Mai katin zama na dindindin da ɗan ƙasa su hukuncinsu daban. Kar ka ɗauki maganar wani a intanet har da tawa, ka tambayi lauyan shige da fice da ofishin ɗaliban waje na makarantarku kafin ka taɓa komai, hoto ɗaya a Instagram zai iya jawo maka abin da zai raba ka da karatun. Mu ma da muke haɗawa, don kanmu doka ta yarda, ranar da ka fara sayar wa mutane sai da lasisin tarayya.

Ba'adare a Jamus: Ku a Amerika kun ji daɗi. Nan sai ka yi kwas ka ci jarrabawa an ba ka takardar izini ta dokar abubuwan fashewa kafin ka sayi albarushi ko cokali ɗaya, kuma a duba inda za ka aje shi. Ni ina kulob shekara shida amma har yau na kanti nike harbi. Mu kuma hukumar CIP ce ke sa iyakar matsi ba SAAMI ba

Injiniya (Leeds): Haka Ingila, ko firaima ba za a sayar maka ba sai ka nuna satifiket ɗin bindiga. Amma fa in ka je filin harbi na Bisley ka ga dattawa masu shekara 70 suna kwance a ciyawa suna harbin yadi 1,000, tun 1890 ake gasa a wurin. Abin da na lura da shi, tsofaffin ba sa zancen haɗi sosai, zancensu tuta da iska da yadda zafi ke rawa a cikin madubi. Masu F-Class, wato gasar harbin takarda daga nesa a kwance, su ne ke da ciwon ma'auni, kuma suna da hujja tunda da'irar tsakiya ƙarama ce ƙwarai

Sarkin Baka: Yauwa Injiniya ka taimake ni. A F-Class na Amurka da'irar X inci 5 ce a yadi 1,000, ta maki goma inci 10. A nan kam Kawu ba za ka ce haɗi ba komai ba ne

Kawu Na Dallas: Ban taɓa cewa ba komai ba ne, cewa na yi uku ba sa gaya maka komai. Mai F-Class harbi 20 yake yi a jere don maki, shi ya sa mai hankalinsu da 20 yake gwaji. Mun haɗu a nan ko?

Sarkin Baka: Mun haɗu rabi. Zurfin zaman kan harsashi fa? nan ma za ka ce sa'a ce?

Kawu Na Dallas: Nan ina da sassauci, wasu kawunan suna da tsirfa a kan nisan su da inda tsagin bututu ya fara. Amma irin na Baban Ummi ba shi da fitina, ya zaunar da shi a tsayin da littafi ya ce, ya tabbata yana shiga gidan harsashi yana fita lafiya, kar ya cusa shi cikin tsagi don matsi yana tashi, kuma wata rana za ka buɗe bindiga kan ya maƙale a ciki albarushi ya zube maka a cikin kunama ana tsakiyar gasa. Bari in ba ku nawa abin kunyar tunda yau ranar tonon asiri ce. Shekarata ta uku, na yi haɗi a watan Janairu da sanyi, na bi gudu na matsa har kusa da iyaka, albarushin kuma ba irin mai jure canjin yanayi ba ne. Komai lafiya. Watan Agusta zafi ya haura 40, na bar akwatin harsashi a rana a bayan mota, harbi na huɗu hannun bindiga ya ƙi ɗaguwa sai da na buga shi da tafin hannu, na duba kwanso firaima ta fita ta bar rami baƙi, gindin kwanson ya yi tambari mai sheƙi. Allah ne ya tsare, gilashin ido ne ya tare min iskar da ta dawo. Na koma gida na warware guda 80 ɗaya bayan ɗaya ina istigfari. Shi H4350 da kake amfani da shi a Ostareliya ake yinsa kuma an san shi da jure zafi da sanyi, amma wannan ba lasisin matsawa ba ne. In ka ga hannu ya fara tauri ko tambari a gindin kwanso ka tsaya nan take, kuma ka sani kafin alamar ta fito ma mai yiwuwa ka riga ka wuce iyaka.

Baban Ummi (Houston): Subhanallah. To Kawu yanzu in kai ne ni me za ka yi? a taƙaice don kaina ya cika

Kawu Na Dallas: Ka fara duba sukurorin madubi da na gindin bindiga da abin ɗauri mai awo, don a cire wannan zargin. Sannan ka zaɓi haɗi ɗaya a tsakiyar littafi, nesa da iyaka, ka harbe 100 da shi kana koyon kwanciya da numfashi da jan kunama. Bayan nan ka ɗau kala biyu kacal, kowanne 20, takarda ɗaya kowanne, kana harbawa bi da bi kana barin bututu ya huce, na'urar gudu a kunne. Ka sa kwalin na kanti ɗaya a gefe ya zama ma'auni. In biyun sun yi kusa ka ɗauki mai ƙarancin albarushi ka rufe littafin. Kuma ranar da kake haɗi gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan tebur, ba waya ba hira, ka leƙa kowane kwanso da fitila kafin ka ɗora kai.

Hajiya Mai Lissafi (Minneapolis): Ka ƙara da wanke hannu, kuma Ummi kar ta shiga garejin. Akwai dalma a firaima da ƙurar kwanson da aka harba, yara ta fi yi wa illa. Ni na kori Alhaji da injin wanke kwansonsa daga cikin gida tun tuni. Kuma duk ramin da ya kauce a ƙirga shi, ban da cewa wannan hannuna ne ya goce

Sarkin Baka: Wannan ta ƙarshen da ni take, na ji

Baban Ummi (Houston): Slm jama'a na dawo da rahoto bayan sati uku. Sukurori lafiya lau suke ashe. Na yi yadda Kawu ya ce, yanzu bututu ya ci 210, gudu ya hau da ƙafa 40 ba tare da na taɓa komai ba sannan ya tsaya. Kala biyu 20 20, ɗaya inci 0.95 ɗaya 1.0, SD 11 da 12, wato Hajiya kamar kina wurin. Abin haushin na kanti ya yi 1.1 hhhh, sai dai gudunsa ya fi warwatsuwa. Kala na bakwai mai hoton nan shi ne ma na 1.0 ɗin. Na ɗauki mai ƙarancin albarushin. Ran Lahadi na shiga ƙaramar gasa ta kulob, na samu 34 cikin 80, kuma kusan duk wanda na ɓarar gefe ya bi ba sama ko ƙasa ba, wani dattijo da ke bayana yana ta ce min in dubi ciyawa in daina kallon takardar lissafi

Sarkin Baka: 34 a karon farko ba laifi wlh, ni 22 na fara da shi. Amma har yanzu ina nan kan bakana akwai gurbi, ranar da ka sa bututu na musamman za mu sake zama

Hajiya Mai Lissafi (Minneapolis): Ka yi gwajin takarda goman tukuna Sarkin Baka, ina jira tun wancan satin

Sarkin Baka: Firaima ta yi tsada Hajiya

Kawu Na Dallas: Baban Ummi akwai wata ta kulob ɗinmu farkon wata mai zuwa, in za ka iya tuƙin awa huɗu ka taho ka kwana a gidana mu fita da asuba, zan tsaya bayanka da madubi in riƙa kira maka iska. Ka haɗo 120 don a samu na gwajin saiti, ka taho da abin toshe kunne biyu da ruwa mai yawa. In akwai sauran kilishin da aka kawo maka daga gida kar ka zo ba shi.

Baban Ummi (Houston): In sha Allah Kawu, kilishin dai sai na tambayi madam ko ya rage